Ranar da Kogi Ya Ci Oga

Ni direba ne. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya zaci malami ne ya zauna a ofis mai sanyi ya tsara wannan. Makaranta a aji biyu na sakandare muka rabu da ita, ba faɗa, ba sallama. Tun daga nan sitiyari nake riƙe, kuma mafi yawan shekarun a Abuja na yi su, ina buɗe wa mutane ƙofa suna shiga ba su dubi fuskata ba. Garin nan haka yake. In ba ka da tebur da kujera mai juyawa, sunanka aikinka. Direba kawo mota, direba jira a nan. Na kuwa jira. Rabin rayuwata a filin ajiye motoci na ma'aikata ta ƙare, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da inuwarta ba ta isar mota biyu.

A wannan jiran wasan ya samo asali. Direbobi in sun taru ƙarya suke yi, kowa ya taɓa tsere wa 'yan fashi, kowa ya taɓa tuƙa gwamna. Ni na ga in dai ƙarya za a yi, gara a yi ta da tsari. Na buɗe guruf a waya na fara tura labari da murya, don rubutuna a waya ba ya sauri, kuma ba na son a riƙa gyara mini. Ban yi nisa ba mutane suka fara tsoma baki. Da ni ne da ban shiga kogon nan ba, da ni ne da na sare shi tun daga ƙofa. Na ce to, ku shigo ku gwada. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama nasa. Ni zan faɗi inda kuke da abin da ke gabanku, kai ka faɗi abin da mutuminka zai yi. In abin mai haɗari ne, ba ni zan yanke ba, ba kai ba. Ina da ɗan ludo, wannan mai ɗigo-ɗigon. A kan bonet ɗin mota nake jefa shi ina ɗaukar bidiyo, in tura kowa ya gani da idonsa. Shida, ka yi nasara har da ƙari. Ɗaya, sai dai haƙuri. Kuma sau ɗaya ake jefawa.

Sauran dokokin ba su da yawa. Ba hoton fure da barka da safiya, ba wa'azin da aka kwafo daga wani wuri, ba siyasa, ba talla. Ƙanin matata na cire shi saboda tallar maganin basir, har yau gaisuwarsa ba ta cika.

Mun haura mutum goma, amma uku ne suka riƙe wasan. Akwai wata mata mai ginin tukwane a wajen Kwali, na san ta ne ranar da na kai uwargidan Oga, wanda nake tuƙawa, sayen randa. Kirista ce, Hausarta ta kasuwa ce, komai namiji ne a bakinta, amma ba wanda ya kai ta sanin inda za a soki labari ya yi motsi. Mama nake ce mata. Akwai telan da ke mini ɗinki a Kuchigoro, yana cikin mutanen da rikici ya koro daga gabas, maganarsa kaɗan ce, sai dai in ya yi ta kowa kan yi shiru. Sai wani akawu a ma'aikatarmu, dattijo mai furfura a gemu, an daɗe ana tsallake shi a ƙarin girma. A wasan ɓarawo ne, kuma wallahi ya iya. Ya taɓa sace wa sarkin aljanu wando yana sanye da shi, ɗan ludo ya ba shi shida, ba yadda na iya.

Da muka gama labarin farko, wajen ƙarshen damina, na ce za mu shiga sabuwar ƙasa, wadda ni kaina ban san ta ba tukuna. Kowa ya kawo abu ɗaya ya ajiye a cikinta, ni in haɗa. Mama ta ce mutanen ƙasar a cikin tuluna suke zaune, manya kamar coci, kuma ba wanda ya san wanda ya gina su. Akawu ya ce akwai kasuwar da ke tashi kowace safiya da rumfunanta ta koma wani wuri, sai ka neme ta. Tela shi ne na ƙarshe, ya turo murya ana jin kekensa yana tafiya. Ya ce a ƙasar ba a tambayar baƙo daga ina ya zo, duk wanda ya tambaya harshensa zai yi nauyi har shekara ta zagayo. Ba wanda ya yi masa dariya. Ni kuma na shimfiɗa kogi a gabanta, baƙi, mai faɗi, ba gada ba kwalekwale. Muka sa mata suna Ƙetare.

Zan faɗi abin yadda yake. A garin nan ba ni da fili, ba ni da bulo ko ɗaya, ɗakin haya nake ciki a hanyar filin jirgi. Ƙetare ita ce abu ɗaya da na taɓa ginawa da kaina mutane suka zo suna jiran in buɗe musu. In muna cikin cunkoso Oga yana waya a baya, ni ina cikin tulunan nan ina shirya abin da za su tarar. Na san launin ƙofofinsu. Na san abin da ke kwance a ƙasan na tsakiya.

Oga darakta ne. Ba mugu ba ne, ya yi karatu har ƙasar waje, yana salla a kan lokaci, bai taɓa zagina ba. Bai kuma taɓa tambayata ina nake kwana ba. Wata rana ya fito daga mitin da wuri, ya same ni na rufe gilashi ina yin muryar tsohuwar da ke gadin bakin kogi, na shaƙe maƙogwaro ina kaɗa kai kamar mai bori. Ya buɗe ƙofar baya da kansa ya zauna.

"Lafiya kuwa?" in ji shi.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Wasa ne."

"Wasa da wa?"

Na yi masa bayani a gajarce, ina jiran ya ce mini ban ji kunyar shekaruna ba. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na kunna masa saƙon Mama, ya yi dariya yana dukan gwiwa.

"Sa ni a ciki," ya ce.

"Ranka ya daɗe, a can fa babu darakta."

"Na ji. Sa ni."

Na zaci sarki zai ce yana so. Sai ya ce mafarauci, mai kwari da baka da igiya a kafaɗa. Kuma ya iya wasan, ban hana shi haƙƙinsa ba. Shi bai ɓata komai ba. Mutanena ne suka ɓata.

Ranar da lambarsa ta bayyana a guruf, akawu ya turo saƙo yana yi wa mai girma darakta barka da zuwa a madadin dukkan mambobi. Wa ya aike shi? Sauran 'yan ma'aikatar da ke ciki suka bi layi, yes sa, sannu da zuwa sa, Allah ya ƙara girma. Na ce ku bari, ga mu a bakin kogi, tsohuwa ta ce ruwa ba ya son ƙarfe, me za ku yi? Shiru. Da can kafin in ajiye waya an turo saƙo biyar, ana zage-zage, Mama tana kiran akawu ɓarawon banza. Yanzu kowa yana jiran Oga ya fara magana, don a ma'aikata ƙarami ba ya sa baki a takarda sai ta sauko daga sama. Oga kuwa yana mitin, ko ya yi tafiya, ko yana ta'aziyya. In ya samu sukuni da yamma ya ce mafarauci zai duba sawu a bakin ruwa, sai kowa ya ce shi ma sawun zai duba. Mutum goma sha wani abu a bakin kogi, duk sun sunkuya suna duba sawu ɗaya.

Ɓarawon da ya tuɓe wa sarkin aljanu wando, ranar nan sai ji na yi ya ce zai riƙe wa mafarauci jaka. Na kira shi a waya na ce, "Malam, ɓarawo ne fa kai. Jakar tana hannunka. Buɗe ta."

"Haba Malam direba," in ji shi. "Kana so a ce na saci kayan Oga?"

"Ba kayan Oga ba ne, na mafarauci ne. Babu ma jakar, ni na ƙirƙire ta."

"Kai ba ka san yadda fayil yake tafiya ba," ya ce, ya kashe.

Tela da ba ma'aikaci ba ne shi ma ya kamu, ya koma fara kowace magana da neman izini. Mama ta yi shiru gaba ɗaya. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Baba direba, babban mutum yana ciki, ni zan buɗe baki in ce wani ɓarawon banza?" Mutum biyu suka fita ba sallama. Sati yana bin sati muna nan a gaɓar kogi, tuluna suna can tsallake ba wanda ya taɓa ko ƙofarsu. Na san yadda guruf yake mutuwa, na ga da yawa. Ba a rufe shi, ana dai daina buɗewa ne.

Sai na ta da ruwa. Na ce kogi ya fara cika, ya ci hanyar da kuka biyo, ya ci bukkar tsohuwa, yanzu yana idon sawunku. Wanda bai ƙetare ba ruwa zai ƙetare da shi. Washegari muna kan hanyar Abaji, Oga yana da taro a can, sai na ji shi a baya ya kare baki da hannu yana magana ƙasa-ƙasa a waya, wai kada in ji, alhali ni zai turo wa. Ya ce mafarauci zai ɗaura igiya a ƙugu, ya ba jama'a ɗaya bakin igiyar su riƙe, ya faɗa ruwa ya yi iyo ya ɗaure ta a can. Shawara ce mai kyau, kuma ta jarumi. Kafin mu isa an cika guruf da Allah ya ja zamanin Oga.

Ya shiga taro. Na gyara fakin a gindin mangwaro kusa da masu doya, rana tana tsakiya. Na goge bonet da tsumma, na kunna bidiyo, na jefa. Ya yi birgima ya je ya jingina da gindin waifar gilashi ya tsaya. Ɗaya.

Na tura shi yadda yake.

Ban gama mayar da ɗan ludo aljihu ba waya ta yi ƙara. Akawu ne, yana magana kamar gobara ta kama ofis.

"Goge shi! Goge, Malam direba, bai gani ba tukuna, yana taro!"

"In goge me?"

"Ka ce hannunka ne ya zame. Ka ce iska ce. Bonet ɗin ma ai a karkace yake, kowa ya gani."

"A kan bonet ɗin nan ka samu shidan da ka cire wa aljani wando. Ranar ba ka ce a karkace yake ba."

"Wannan daban! Darakta ne fa, lebul ɗinsa a aikin gwamnati ka sani? Mutum ya shigo mana da girmansa, ka nutsar da shi a gaban ƙananan ma'aikata? To in ba za ka sake ba, ka ce ɓarawo ne ya faɗa ruwa. Ni na yarda, ni in mutu."

Wallahi haka ya ce. Mutum mai jikoki yana roƙona in kashe shi a madadin darakta, a kogin da babu shi. Na ce masa ɓarawo yana gaɓa riƙe da jaka, ya ci gaba da riƙewa.

Tela ya kira, shi a hankali. Ya ce, "Malam, ba na ce ka yi ƙarya ba. Amma kifi zai iya ɗaukarsa, ko tsohuwar nan ta miƙa masa sanda. Kai ne mai labari, ƙofa tana hannunka." Na ce masa ƙofa tana hannuna kafin a jefa, ba bayan an jefa ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Sai Mama, ba ko gaisuwa. "Baba direba, na ga bidiyo. A labarin farko da wannan abu ya kashe nawa mutum, wa ya sake jefawa? Na zauna kamar kurma har labari ya ƙare. In ka sake jefa wa Oga, ni na fita, kuma tulu ɗina zan ɗauke, ku nemi gidan zama."

Ba tsoron aiki nake ba, Oga ba mai kora ba ne a kan irin wannan, na san shi. Abin da na gani shi ne, in na bar ɗaya a matsayin ɗaya, 'yan ma'aikata za su watse. In na sake jefawa, za su zauna, amma daga ranar kowa ya san ɗan ludo yana duba lebul kafin ya tsaya, kuma ba mai ƙara riƙe numfashi in na jefa. Wannan ba wasa ba ne kuma, mitin ne. Mitin kuwa na jira shi a waje ya ishe ni, ba zan gina nawa ba.

Na shiga mota na rufe gilashi na yi masa mutuwa mai kyau. Ban yi rowa ba. Na ce mafarauci ya ratsa har ya wuce tsakiya, jama'a suna ganin kansa yana ɓullowa yana nutsewa, igiya tana zarewa daga hannunsu. Na ce a daidai inda ruwa ya fi baƙi wani abu ya ja shi sau ɗaya, bai yi ihu ba, bakansa kawai aka ga ya taso yana juyawa. Na tura. Na sayi dafaffiyar gyaɗa na zauna ina ci.

Bayan la'asar ya fito, na buɗe masa ƙofa, muka kama hanya. Ina kallonsa ta madubi ya ciro waya. Ya kalli bidiyon. Ya kunna muryata a fili, ni ina tuƙi ina jin kaina ina kashe shi. Da ta ƙare ya kife wayar a cinya ya juya yana kallon gonaki. Tireloli suna wuce mu, na bar su. Fuskarsa ta ɗaure irin ta ranar da aka soke masa tafiya waje, kuma ba wasa yake ba, ransa ya ɓaci da gaske.

Muna dab da Kwali ya ce, "Direba."

"Ranka ya daɗe."

"Igiyar fa?"

"Wace igiya?"

"A ƙuguna take. Na ce na ɗaura ta a ƙugu, ka koma ka saurara. Kai da bakinka ka ce na wuce tsakiya. To ruwa ina zai kai ni? Gaɓar can zai kai ni, ba ta nan ba. In na maƙale a saiwa, igiya ta ƙetare ke nan."

Na yi tunani. Maganarsa tana kan hanya, ni ban ma hango ta ba.

"Zai yiwu," na ce. "Amma sai an jefa."

"To a jefa. Kuma in ta riƙe sai a jawo ni."

"Gawa za a jawo, ranka ya daɗe. Na igiya zan jefa, naka an gama."

"Kai wane irin mutum ne? Ko suma ba za ka ce na yi ba?"

"Ɗaya ba suma ba ne."

Ya yi tsaki, ya ce in ba shi ya jefa da hannunsa. Na ce ni kaɗai nake jefawa. Ya ce to tsaya. Na sauka gefen titi kusa da masu gasa masara, ya fito da babbar rigarsa ya tsaya a kaina, ya riƙe mini waya yana ɗauka, matan suna kallonmu suna zaton mota ce ta lalace. Na jefa. Huɗu. Igiya ta riƙe, amma tana rawa, mutum ɗaya-ɗaya za ta ɗauka. Na faɗa a guruf, na ce mafarauci ya rasu, Allah ya ji ƙansa, daga yau sauraro ne nasa har mu gama Ƙetare. Ga igiya, ga ruwa a gwiwarku. Wa zai fara?

Muka koma mota. Tunda ina tuƙi, shi ya riƙa kunna mana saƙonnin. Na farko na akawu ne. Ya ce da izinin mai girma darakta, shi tarbiyyarsa ba za ta bar shi ya bi igiyar da ke ɗaure a gawar ubangidansa ba, yana neman afuwa. Ya fita daga guruf, wasu uku na ma'aikata suka bi bayansa. Na rasa ɓarawon da ba zan ƙara samun irinsa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Oga ya ce zai yi masa magana. Na ce ya bari, in ya dawo da umarni jaka zai dawo riƙewa.

Sai muryar Mama ta cika motar, ana jin kaji a bayanta.

"Ni zan fara. Na ɗaure zani, na kama igiya, na ƙetare. Baba direba kar ka jefa mini komai, kai ka ce igiya ya riƙe. Na sami mafarauci a cikin saiwa. Sannu mafarauci, ka yi ƙoƙari. Na cire takalminsa, na sa. Wuƙa ma na ɗauka."

Nan take tela ya shigo, ba neman izini, ba komai, muryarsa sama yadda ban taɓa ji ba. "Haba Mama! Ko binne shi ba a yi ba! Kuma wuƙar nan ni ya kamata a ba, ke me za ki yanka?"

"Ka ƙetare tukuna, matsoraci, sai mu yi magana!"

Wayar ta ci gaba da ƙara, saƙo a kan saƙo, har waɗanda suka yi makonni ba a ji su ba. Wani yana cewa a bar masa kwari, wani yana tambaya ko ana hango tulunan daga gaɓa. Oga ya dubi ƙafafunsa, ya dubi waya.

"Matar nan ba ta da imani," ya ce.

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe."

"Har takalmi."

Na sa sigina na wuce wata tifa. Gobe da safe za su tsaya a ƙofar tulun farko, kuma dole in yanke wanda zai buɗe musu kafin mu shiga gari.